Matsar da Katanga

Ranar Talata allo ya ja mini jan layi:
saura megabait casa'in,
ko harafi ɗaya ba na karɓa.
Ni kuwa ga lissafin masuntan Caleta Portales a hannuna,
na wata uku cur,
wa ya ci bashin mai, wa ya biya kuɗin raga.

Rigoberto ne ya raba faifan,
shekarar da ya saɓo kwamfutar nan a kafaɗa
ya hau matakala ɗari da sha huɗu na tudunmu,
yana haki yana dariya,
Valparaíso duk tana ƙarƙashin ƙafarsa.
Ya yanka shi uku kamar mai rabon gona:
nan manhaja za ta zauna,
nan lissafinki,
nan kuma nawa, kar a taɓa.
Ya ba ni lungu, ya ɗauki fili.
Ban ce uffan ba, lokacin lungun ya ishe ni.

Hunturu biyu ke nan da binne shi.
Ban leƙa ɓangarensa ba,
yadda ban sa hannu a aljihun rigar ruwansa ba.

Da yamma Ximena ta hawo,
'yar maƙwabta mai gyaran na'urori a tashar jiragen ruwa,
da ɗan filashi rataye a wuya.
Ta tayar da kwamfutar da shi,
sai ga faifan a shimfiɗe kamar dogon ƙyalle:
shuɗi maƙil, kore har baki,
na ukun fari fat,
sai ɗan ɗigon rawaya can a kusurwa.

Ta ce, Doña Leocadia,
gigabait ɗari uku ya killace.
Kin san nawa ya cika? Biyu.

Fayil goma sha ɗaya ne kacal.
Na farko ƙahon jirgi cikin hazo,
na biyu tsuntsayen teku na faɗa kan hanjin kifi,
na bakwai ni ce, ban ma sani ba,
ina yanka albasa
ina yi masa faɗan jiƙaƙƙen takalmi a tsakar ɗaki.
Ya kewaye gandu guda, ya shuka tafi ɗaya,
yana jiran wata doguwar damina
da ba a rubuta masa ba.

Na ce, ba zan goge ba.
Ta ce, wa ya ce miki goge?
Katanga kawai za mu matsar.
Ta kwafe komai tukuna, ta ce riga-kafi,
sannan ta kama iyakar da linzami,
ta ja ta a hankali
kamar mai jan bargo daga jikin mai barci.

Na'ura ta yi gargaɗi: kar wuta ta ɗauke,
in ta ɗauke a tsakiya, ba nawa ba nasa.
Muka zuba wa layin ido yana rarrafe.
Shayi ya huce, na sake ɗumamawa.

A kashi sittin da ɗaya ƙasa ta motsa,
irin 'yar girgizar da muka saba.
Kofuna suka yi ƙas-ƙas, fitila ta yi lilo,
karnukan tudu suka ɗauka baki ɗaya.
Da can bakin ƙofa nake rugawa.
Ran nan durƙusawa na yi
na danne filogi a bango da hannu biyu,
har ta lafa, har sittin da biyu.

Ƙarfe goma da kwata aka gama.
Gigabait goma muka bar masa,
ya wadatar, har da wurin miƙe ƙafa.
Sauran ya dawo gefena,
fili fetal, har ya ɗan ba ni tsoro.

Ximena ta sauka da ledar burodi.
Na ja kujera, na buɗe sabon shafi:
Anselmo, mai lita arba'in, bai biya ba.
Can ƙasa wani jirgi ya busa ƙaho,
na tsaya na duba ko daga lasifika ne.